Tsatsar da Aka Shafe da Kwalta

An yi wani mutum a Warra. Ba zan ambaci sunansa ba, domin yana raye, kuma abin da ya same shi ya ishe shi. Allah ya hore masa mota a-kori-kura, da ita yake kwasar kifi daga bakin ruwa zuwa kasuwar Yauri. Mahaifiyarsa, Inna Delu, mai bandar kifi ce. Duk ranar kasuwa a motarsa take tafiya, ba ta yarda ta shiga ta kowa. Wurinta guda ne: a baya, kusa da kwandunanta, ta jingina da kan mota.

Mutumin nan yana da wata dabara da yake taƙama da ita. Sauran direbobi a tudu suke tsayawa, a ɗauko musu kifi a ka. Shi kuwa sai ya yi baya da motar har cikin ruwa, a loda masa daga kwale-kwale kai tsaye. Kafin wasu su cika rabi, shi ya kama hanya. Ga ƙanƙarar da aka zuba wa kifi tana narkewa, tana tsiyaya a ƙarƙashi har Yauri. Bai tsaya nan ba. In babban jirgi yana son gyara, shi ake kira. Sai ya ɗaura sarƙa a shasi, ƙarfen da ke ɗauke da motar duka, ya ja jirgin zuwa tudu, motar na kuka, shi yana dariya.

Ya 'yan uwa, yaushe ƙarfe da ruwa suka yi abota? Ko yaro ya san amsa. Amma je ka ga motar daga waje! Kullum wanki, kullum guga, ga fenti shuɗi, ga addu'a an rubuta a goshinta. Ƙarƙashi kuwa bai taɓa durƙusawa ya leƙa ba, wai kada rigarsa ta ɓaci.

Da motar ta fara wata irin ƙara, ya kai ta wurin Bilyaminu mai walda a Yelwa. Bilyaminu ya kwanta a ƙarƙashi, ya ƙwanƙwasa da guduma, tsatsa ta zubo masa a fuska kamar dusa. Ya fito yana kakkaɓe ido.

"Alhaji, wagga mota ta mutu ta ƙasa. Babu inda walda za ta kama. Ka aje ta a sake ƙarfen. In ba haka ba, kada ka ƙara ɗaukar rai cikinta."

"Yanzu da kifi ya fito za ka ce in aje mota? Ɗan liƙa mani kawai."

"Ni ba ni sa hannuna ga wanga aiki. Ka ji tsoron Allah."

Ya tafi yana ƙunƙuni, wai masu walda sun cika tsoro. Da ya isa gida ya ɗumama kwaltar da ake liƙe kwale-kwale da ita. Ran nan dai ya durƙusa. Ya ga tsaga a jikin shasin da idonsa, har ya zura yatsa a ciki. Sannan ya shafe ta. Ta yi baƙi wuluk, tana ƙyalli, sai ya ji hankalinsa ya kwanta. Wannan wace irin wauta ce? Kwalta tana tsare ruwa a jikin katako. Ta taɓa ɗaukar nauyin mota?

Ranar kasuwa Inna Delu ta zo da kwandunanta. Ta ce, "Na ji ka kai mota ga mai walda. Lahiya dai?"

Ya ce, "Lahiya lau, Inna. An gyara."

Tana hawa baya, zuciyarsa ta ce masa ya dawo da ita gaba. Sai ya tuna in ya faɗi haka za ta tambaye shi dalili. Ya tayar da mota.

Ba gudu yake yi ba. Wani kwalbati ne da ruwan sama ya zaizaye gefensa, wurin da ya sha wucewa. Tayar baya ta faɗa ramin, shasin ya karye biyu, kai da baya suka haɗe a daidai inda tsohuwar take zaune. Shi ko ƙwarzane bai yi ba. Ita kuwa sai da aka tara maza da ƙarafa kafin a zaro ƙafafunta.

Ta rayu, amma ba za ta ƙara takawa ba. Mazan da suka ɗaga motar sun ga kwalta a bakin karayar, hannuwansu ma ta ɓata. Duk Warra ta sani, babu mai ba shi mota ko ta ɗaukar yashi. Mutum ɗaya ne bai sani ba. In masu jaje suka zo, Inna Delu takan ce daga kan tabarmarta, "Kada kowa shi ga laihin ɗana. Ya kai ta an gyara." Yana zaune a gefe yana ji, kullum. Ya kasa faɗa mata, ya kasa tashi daga wurin.

Ya 'yan uwa, wallahi na gaji da jin "ƙaddara ce" a bakin waɗanda aka gaya wa gaskiya suka toshe kunne. Ƙaddara gaskiya ce, amma wanda ya ga ɓaraka ya rufe ta, za a tambaye shi. Mota amana ce, jirgi amana ne, ran mutumin da ka ɗauka amana ne. Mu nawa ne a nan muka san inda tsatsar take, a abin hawanmu, a cinikinmu, a zukatanmu, muka shafe muka taho masallaci da farar riga? Kana iya ɓoye wa mahaifiyarka. Wanda ya halicce ka fa?

In kana da abin gyara, gyara shi yau, tun wanda ya amince da kai yana tafiya da ƙafarsa.

Allah ya ba tsohuwar nan haƙuri, ya ba ɗanta ƙarfin faɗin gaskiya da tuba. Allah ya kiyaye mu daga cutar da waɗanda suka yarda da mu. Amin.