Sunayen da Gwaggo Yalwa ta Riƙe

Ku ajiye wayoyin nan ku matso, yau sai kun yi gardama.

A danginsu Malam Ilu akwai al'ada: duk taron zumuncin bayan Sallah, mutum guda zai miƙe ya jero sunayen kakanni da ka, a yi musu addu'a. Gwaggo Yalwa ce ke yi, ga shi ta haura tamanin, murya ta fara tafiya. Ta zaɓi Malam Ilu, ɗan wanta, ya gaje ta. Amma ta ce ba takarda, ba ɗauka a waya, daga baki sai kai.

Malam Ilu lafiyarsa lau, shekara sittin, tuwo malmala biyu yake tashi da shi. Sai dai suna saba'in da wani abu! Ya riƙe goma, washegari biyar sun gudu. Abin ya dame shi ƙwarai, don in ya gaza sunayen sun tafi da tsohuwar. Sai 'ya'yansa uku suka tashi.

Saude, babbar, tana aiki a wata jami'a inda ake gwajin wata hula mai wayoyi. Ana ɗora ta a ka, ta riƙa aika ɗan lantarki kaɗan zuwa ƙwaƙwalwa, ba yanka ba allura, ko za ta taimaki masu lafiya wajen riƙe abu. Uban ya ce, "Ni za ki jona wa wuta kamar dutsen guga?" Sai da ta fara ɗora hular a kanta yana kallo, sannan ya yarda. Masu binciken suka ce gwaji ne, ba su yi alkawari ba.

Nafi'u ba shi da boko mai zurfi, babur gare shi. Kwana ashirin, da an cire hular sai ya goya uban zuwa ƙauye wajen Gwaggo, ko ana ruwa. In rigimar tsufa ta motsa ta ce yau ba ta magana, shi ke zama ya yi ta tsokanarta har ta saki baki. Haka sunayen suka fara zama.

Uwani, auta, ita kunne kawai ta kasa. Ta lura lissafin Gwaggo yana da giɓi. Ashe kunya ce! Ba ta faɗin sunan mijinta, da na ɗanta na fari, da na surukanta, sai ta yi gyaran murya ta wuce. Malam Ilu kuwa har gyaran muryar ya haddace. Uwani ta bi tsofaffi a garuruwa uku ta samo sunaye tara.

Ranar taro Malam Ilu ya miƙe ya jero su tas, bai yi tuntuɓe ba. Da ya kai kan mijin Gwaggo da ɗanta, waɗanda suka rasu da daɗewa ba a taɓa kiransu a wannan addu'a ba, sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Hawaye take yi, amma na daɗi ne.

Da ta natsu ta ce, "Ilu, kada ka jira tsufa irina. Ka zaɓi guda cikin yaran nan ka fara ɗora masa tun yanzu."

To, Saude, Nafi'u ko Uwani, wa za ku ce ya ba wa sunayen?