Kiran da Ya Tsaya a Lamba ta Farko

Akwai wani matashi mai rubuta manhajar kwamfuta, abokan aikinsa na kiransa Nan-take, don duk aikin da ka ba shi, kafin ka rufe baki ya ce ya gama. Gwani ne, wannan ba musu. Matsalarsa ɗaya ce: ya san shi gwani ne, kuma ba ya bari kowa ya manta.

Mahaifinsa tsohon tela ne, yana zaune shi kaɗai tun rasuwar matarsa. Ga hawan jini, ga jiri da ke ɗibarsa ba sallama. An yi juyin duniya ya koma gidan ɗaya daga cikin 'ya'yansa, ya ce shi da ɗakinsa sai mutuwa.

Sai Nan-take ya haɗa masa wani ɗan maɓalli mai lasifika da zai rataya a wuya. Idan ya danna, manhaja za ta kira mutane ɗaya bayan ɗaya: Nan-take da farko, sai yayarsa, sai ƙaninsa, sai maƙwabci. Masu wannan sana'a na kiran irin wannan bi-da-bi madauki, wato umarni mai ta zagayawa. Ya kuma yi wa madaukin ƙofar fita: da zarar an ɗaga waya, ya tsaya, kada a tayar da hankalin sauran a banza.

Wata abokiyar aikinsa da ta girme shi ta leƙa allon kwamfutarsa.

"Wannan fitar taka ta yi wuri," in ji ta. "Layi na iya ɗagawa ba tare da mutum ya ɗaga ba. Ka sa sai wanda ya amsa ya danna wata lamba, sannan madaukin ya tsaya."

"Anti, tsoho na kwance a ƙasa, a tsaya danne-danne? Na gwada, yana aiki."

"Da wayarka a kunne ka gwada."

"To da a kashe zan gwada?" Ya yi dariya, ya rufe kwamfutarsa.

Wata rana da hantsi aka shiga taro da manyan baƙi, shugaban ofis ya ce kowa ya kashe waya. Taron ya ja har bayan azahar. Nan-take ya fito yana miƙa, ya kunna wayarsa, sai ga saƙon murya daga maɓallin Baba.

Ya danna ya saurara.

Da farko ƙarar famfo kawai ya ji, ruwa na zuba. Sai numfashi mai nauyi. Sai muryar Baba, tana fita da ƙyar.

"Ɗana, na faɗi a banɗaki. Ƙafata ta ƙi motsi. Na ji muryarka yanzu. Yi magana mana."

Nan-take ya dafa bango. Ba sai an yi masa bayani ba. Wayarsa na kashe, sai akwatin saƙo ya ɗaga kiran da muryar da shi kansa ya naɗa: "Assalamu alaikum, faɗi saƙonka, zan neme ka yanzu." Manhaja ta ga an ɗaga, ta fita daga madauki kamar yadda ya umarce ta.

Ya kira yayarsa. "Yaya, maɓallin Baba ya kira ki?"

"A'a. Lafiya? Me ya faru da Baba?"

Ya katse kiran. Ya kira maƙwabci ya ce ya ɓalle ƙofar, ya sauka daga bene da gudu. A hanya ga cunkoson motoci, ga shi yana ta sake sauraron saƙon. A ƙarshensa babu magana, ruwan nan kawai. Tsoron da ya kama shi ya fi ƙarfin kuka.

Ya tarar da ƙofa a ɓalle, ruwa ya malalo falo har ƙarƙashin keken ɗinki. Maƙwabcin na riƙe da kan Baba. Tsohon na da rai, amma bakinsa ya karkace gefe guda.

A asibiti likita bai ɓoye musu ba. Ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma da an kawo shi da wuri, da akwai maganin da zai iya ceto hannunsa na dama. Yanzu lokacin ya wuce.

Da Baba ya samu bakin magana, Nan-take ya durƙusa a gefen gado, yana jiran faɗa. Tsohon ya lalubo kan ɗan nasa da hannun hagu ya dafa.

"Da na so in buga bango in kira maƙwabci," ya ce a hankali. "Sai na ji muryarka, ka ce za ka neme ni yanzu. Hankalina ya kwanta, na zauna ina jiranka."

Darasi: Kada ka ce aiki ya ƙare don ka ga alamar ƙarewa, tabbatar tukuna, musamman idan ran wani ya rataya a kansa. Kuma idan wani ya nuna maka ɓaraka a aikinka, ka saurare shi kafin ka yi dariya. Ku tura wa duk gwanin da kuka sani ya karanta.