Jaririyar Kifi da Maganin Ƙiba

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo, mun baza kunne!

A tekun ƙanƙara, dole jariran kifi su ci ƙwarin ruwa masu maiƙo su tara kitse, ko sanyi ya kashe su. Wata malalaciya a cikinsu ta ce farauta wahala ce, ta tafi wajen Ƙaguwa mai magani.

"Baba, ƙiba nake so yau-yau."

"Sha wannan, 'yata, kina kwance za ki cika."

Ta sha, ta kumbura suntum da ruwa, ba kitse ba, tana yi wa 'yan'uwanta gwalo. Sanyi na sauka ta sandare, ta taso sama. Tsuntsu ya cafke ta, ya tofar: "Tir! Wannan ai ruwan leda ne!"

Ƙurunƙus! Yau kan ƙaguwa za mu ce, ba kan kusu ba, kusu ya huta!