Tankin da Tsatsa Take Riƙe da Shi

Akwai wani manomi a wani ƙauye bayan dutse. Yana da babur, tsoho ne amma yana tafiya. Da shi yake kai doya kasuwa, da shi kuma ake kai marar lafiya asibiti, gama babu wani abin hawa a unguwar. Matarsa Rifkatu tana da tsohon ciki, ungozoma kuwa ta riga ta faɗa musu cewa wannan haihuwa ba ta gida ba ce, sai asibiti.

Wata safiya ya ga ƙasa ta jiƙe a ƙarƙashin babur. Ya shafa gindin tanki, ya sami ɗan huji kamar bakin allura. Sai ya ɗauki sabulun wanki ya goga a wurin, yadda masu babur suke yi, yoyon ya tsaya. Da yoyon ya dawo ya sake gogawa. Haka ya yi ta yi har sabulun gidan ya ƙare ba a yi wanki ba.

Rifkatu ta ce, "Baban Tani, ko tuwo ka taɓa sai ya yi warin fetur. Ni dai ba zan hau abin nan da cikin nan ba."

Ya tafi wurin Dogara, bakaniken bakin kasuwa, wanda suke sujada a majami'a ɗaya. Ya ce masa huji ɗaya ne, ya ɗiga masa walda, yana sauri. Dogara ya kwance tankin, ya juye man a galan, ya leƙa ciki. Ya ce wuta ba ta taɓa tanki sai an wanke shi, walda kuma ba ta kama tsatsa. Ya ɗebo tsakuwa cike da hannu ya zuba ciki, ya bi ta da kananzir, ya rufe, ya shiga girgizawa. Ya yi ta girgizawa har gumi ya jiƙa masa riga. Da ya juye, sai ga jan ruwa kamar na kududdufi, da ɓawon tsatsa tuli. Ya ɗauraye, ya cika tankin da ruwa, ya ɗaga shi sama. Ruwa ya yi ta zuba ta ko'ina.

Ran manomin ya ɓaci ƙwarai. Ya ce, "Huji ɗaya na kawo maka, Dogara. Ɗaya. Ka mai da mini tanki rariya."

Ya ɗaga murya har masu sayar da rake suka matso. Ya ce da ya sani da ya zauna da sabulunsa, ya ce a mayar masa da abinsa yadda ya kawo shi.

Dogara ya bari ya gama, sa'an nan ya ce, "Yaya, tsakuwa ba ta huda ƙarfe. Inda ka ga ruwa, ƙarfen ya daɗe da tafiya. Tsatsa ce take yi maka gadi. Ungo, danna nan."

Manomin ya danna gindin tankin da babban yatsa. Yatsan ya wuce ciki. Ya tsaya yana kallon hannunsa.

Ya tambaya ko za a yi faci. Dogara ya ce babu inda faci zai kama, sai dai sabo. Manomin ya koma gida a ƙafa. Ya kwance bunsurun da ya ajiye domin suna, ya kai kasuwa, ya sayo tanki. Amma bai huce ba. Ranar Lahadi ya wuce Dogara a ƙofar majami'a ko gaisuwa babu.

Ana nan, wata rana da tsakar rana naƙuda ta zo. Ruwan damina ya riga ya cinye hanya, ba abin da ya rage sai duwatsu da ramuka. Rifkatu ta hau babur a bayan mijinta, ungozoma ta hau bayanta ta riƙe ta. Babur ya yi ta tsalle yana dukan duwatsu. Inji ya yi zafi har yana gasa masa ƙafa, yana kuma jin fetur yana dukan tanki tsakanin gwiwoyinsa. Tsoro ya kama shi. Ya sa hannu ya shafa gindin tankin, ya ji shi a bushe.

Nan ya gane. Girgizar da ya yi faɗa a kanta a bakin kasuwa, ga hanya tana yi masa wadda ta fi ta. Da tsohon tanki ne, da a nan tsatsar za ta saki, fetur ya zubo a kan inji mai zafi, da mace mai naƙuda a baya.

Suka isa lafiya, ta haifi ɗa namiji. Ranar suna babu bunsuru, kaji aka yanka. Manomin ya ɗauki akushi da kansa ya kai wa Dogara.

Ma'anar wannan misali ita ce, tankin nan zuciyar mutum ce. Ɗan hujin shi ne laifin da ka yarda kana da shi, wanda kake rufewa da "kowa ma yana yi". Tsakuwar kuwa Maganar Allah ce. Wani zai zo sujada domin a gyara masa abu ɗaya. Magana ta shige shi ta girgiza shi, sai ya ga ƙarya, ya ga hassada, ya ga gabar da ya riƙe da ɗan'uwansa tun rabon gona. Sai ya ce tun da ya fara zuwa ya ƙara lalacewa, ya ji haushin mai wa'azi, ya daina zuwa. Ba Magana ce ta huda ka ba. Dā ma a huje kake.

Girgiza za ta zo, ko ka so ko ka ƙi. Gara ta same ka a hannun Mai gyara da ta same ka a hanya ranar wahala, da iyalinka a bayanka. Kada ka roƙi Ubangiji faci. Sabuwar zuciya yake bayarwa, shi kuwa ya riga ya biya, ba zai karɓi bunsurunka ba. Ajiye sabulun, ka miƙa masa tankin.