Ɗan Gudun-Jaki

Ku gyara zama, ga wata mai ƙashi a ciki. Kawowa ce tawa, taunawa taku ce.

A wani ƙauye da ake kira Gangaren Marke an yi wani manomi mai suna Mantau. Ƙaƙƙarfa ne, ga sanyin hali. In ka taka masa ƙafa, shi zai ce maka sannu. In awakinka suka cinye masa wake, ya koro maka su har gida. Amma akwai kalma ɗaya tak da in ya ji ta, sai idonsa ya rufe.

Mahaifinsa, marigayi Jatau, mafarauci ne. Wata rana a daji ya ji motsi a bayan sabara, ya zaci kura ce, ya yar da kwari da baka ya sheƙo gari. Yana isowa sai ga jakin wani mai itace biye da shi yana kuka. Daga ranar sunansa ya koma Gudun-Jaki, har ya koma ga Mahaliccinsa. Tun Mantau yana yaro ake tsokanarsa da sunan, gyambon kuwa bai taɓa warkewa ba.

To, wata damina sai maƙwabcinsa na gona, Barau, ya tumɓuke gambar da ke kan iyakarsu, ya matsar da ita cikin gonar Mantau. Ranar kasuwa Mantau ya same shi a rumfar masu goro, ya yi masa magana cikin lalama. Barau ya san ba shi da gaskiya, ya kuma san inda gyambon yake. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Yaushe ɗan Gudun-Jaki ya san iyaka? Uban ma da ya tashi gudu, a wace iyakar ya tsaya?" Rumfa ta kwashe da dariya.

Mantau ya juya. Ya koma gida, ya ɗauki addarsa, ya nufi ƙofa.

Ta farko da ta gan shi ita ce yayarsa Tabawa, wadda ta goya shi yana jariri. Kallo ɗaya ta yi wa idonsa ta gane. Ba ta ce masa ya yi haƙuri ba, don ta san a irin wannan lokaci kalmar kamar zuba kananzir ce a wuta. Sai ta juye kunun tsamiyar da ta sauke a ƙwarya, ta ajiye a tsakiyar ƙofar zaure, ta zauna a gefe. A garin nan kuwa ba a tsallake abinci, ko gobara ake yi. Ta ce, "Ƙanena, ban hana ka fita ba. Sha ka wuce." Kunu mai zafi ba ya shayuwa da gaggawa. Dole Mantau ya tsuguna, ya riƙa hura ludayi yana kurɓa, tana tambayarsa abin da ya faru, yana faɗa, tana cewa, "Bai kyauta ba." Yana cikin sha, Barau ya bi ta burtalin da ke bayan gidan Mantau, shi kaɗai, ya isa gida lafiya. Da ba don ƙwaryar nan ba, da sun yi kiciɓis. Amma kunu ya ƙare, fushi bai ƙare ba.

Na biyu shi ne amininsa Dogara maƙeri, wanda maƙerarsa ke bakin hanya. Ya riga ya ji abin da aka yi a kasuwa. Da ya hango shi sai ya ce, "Abokina, ina za ka da wannan tsohon ƙarfe? Ko kabewa ba zai sara ba, ga ƙota tana rawa. Kawo in gyara maka." Lafiyar addar ƙalau, don shi ya ƙera ta da hannunsa. Ya fitar da ƙotar, ya cusa ƙarfen cikin gawayi, ya ce, "Kama min zuga." Mantau ya yi ta zuga, gumi na zuba, har ƙarfe ya yi jawur. Dogara ya ɗora shi a kan uwar maƙera, ya doka masa masaba sau ɗaya, ya lanƙwashe. Ya ce, "Ka gani? Yana sanyi ba mai iya tanƙwara shi. Ya yi ja, kowa ya samu sai ya juya shi yadda ya so. Barau ya zuga ka, yanzu masaba na hannunsa. Ka dawo gobe in ta huce." Mantau ya gane an yi masa dabara. Ya miƙe ya ce, "Hannuna ya ishe ni." Ya fita ba makami, amma ya fita.

Na uku shi ne Shekarau, ɗan goggonsa, wato taubashinsa. A ƙofar gidan Barau 'yan'uwan mai gida sun yi layi da sanduna suna jira. Ko Mantau ya karya wuyan wani, ko su su kwantar da shi, ɗaya dai za a yi. Sai Shekarau ya shiga tsakani, ya riƙe ƙugu, ya ce yadda kowa zai ji, "Maraba da ɗan Gudun-Jaki. Yau kuma wane jakin ne ya koro ka?" Mantau ya cafki wuyan rigarsa, ya ɗaga dunƙulallen hannu. Amma wasan taubashi ba a rama shi da duka. Wanda ya yi, ya jawo wa dangi abin gori har jikoki. Hannun ya tsaya a sama. Shekarau ya dube shi, ya buɗe baki ya yi kukan jaki, ya sake yi, har da shure-shure. Sannan ya rage murya ya ce, "Kawu da bakinsa ya ba ni labarin nan, yana kwaikwayon gudun, yana dariya har da hawaye. Cewa ya yi gara a nuna inda ya gudu da a nuna inda kura ta ci shi. Mai suna bai ji nauyinsa ba, kai ka ɗora a ka kana nishi." Mantau ya yi ƙoƙarin riƙewa, dariya ta ƙwace masa. Masu sanduna suka dubi juna, suka jingine su a bango.

Kashegari aka je gaban mai unguwa. Dattawan da suka san gonakin suka nuna tsohuwar iyaka, aka mayar da gamba mazauninta. Da Barau ya ga ƙasa ta kuɓuce masa, sai ya sake jefa kalmar nan ko za ta ci. Ya ce, "Ai shi ke nan, ɗan Gudun-Jaki." Mantau ya juyo ya ce, "Na'am. Akwai wata magana?" Barau ya kaɗe rigarsa ya tafi.

Da kaka ta yi, wurin da aka yi rikici a kansa ya ba da gero mai kyau. Mantau ya ɗaure dami na farko, ya ce na wanda ya cece shi ne, kuma ba za a raba shi ba. Nan fa ya tsaya da dami a ka, ya rasa ƙofar da zai nufa.

Tabawa ta saya masa lokaci, amma ta bar shi ya fita da adda. Dogara ya raba shi da adda, amma da ƙarya ya yi, kuma bai hana shi tafiya ba. Shekarau ya cire ƙayar daga tushe, ya kuma sa wuyansa a ciki, sai dai wa ya san abin da zai faru da Mantau ya iso da zafinsa na farko, da kaifi a hannu? Ko al'adar taubasantaka za ta iya tare adda?

To jama'a, gero na jira, wuyan Mantau ya fara ƙagewa. A ƙofar wa zai sauke damin nan?