Kwanon Kiwi a Gidan Chuwang

Akwai wani tela a Tudun Wada, cikin garin Jos, mai suna Malam Gwadabe. Jikinsa ba ya karɓar kiwi, ɗan itacen nan mai koren ciki. Da zarar ya taɓa bakinsa, sai leɓɓansa su kumbura, maƙogwaronsa ya kama ƙaiƙayi. Likita ya gargaɗe shi cewa wata rana numfashinsa na iya toshewa. Duk da haka yana ɓoye lamarin, don kada a ce ɗan itace ya kayar da magidanci.

Ranar Kirsimeti, maƙwabcinsa Chuwang ya gayyace shi kamar yadda suka saba: shi ya kai musu naman Sallah, su kuma su kira shi nasu bikin. Matar gidan, Pauline, ta ajiye masa kwanon yankakkun 'ya'yan itatuwa. Akwai kankana a ciki, amma kiwi ya gauraye ko'ina.

Malam Gwadabe ya riƙe cokali, ya kasa kaiwa baki. Ya san cewa a garin nan, ƙin abincin maƙwabci ana iya ɗaukarsa ƙyama.

Jang, ƙanin maigidan, ya yi dariya. "Oga tela, ko ita ma kankanar sai liman ya yanka?"

Fuskar Pauline ta canja. Zuciyar Malam Gwadabe ta ce masa ya haɗiye ko cokali ɗaya ne, a zauna lafiya. Sai ya ajiye cokalin, ya ɗaga kai ya dubi Pauline.

"Maman Kaneng, ki gafarce ni. Wannan koren abin, in na ci, asibiti za ku kwashe ni. Amma ba zan bar gidan nan da yunwa ba. Mene ne yake ƙamshi daga kicin?"

Ta dafa ƙirji. "Haba Malam, da ka ci fa? Gwaten acca ne. Na ɗauka bai isa a kawo wa baƙo ba."

"Ni ba baƙo ba ne. A zubo."

Ta kawar da kwanon, ta kawo sabon cokali. Ya ci, ya nemi ƙari, Chuwang yana kallonsa cike da alfahari.

Jang ya ce, "Yaya, a ɓoye tukunyar nan, telan zai bar mu da yunwa!"

Darasi: Bayyana abin da jikinka ba ya ɗauka ba gazawa ba ce, kuma ba raini ba ne ga wanda ya karrama ka. Ka faɗi gaskiya cikin ladabi, lafiyarka da zumuncinka su tsira tare. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa, wataƙila wani yana cutuwa saboda kunya.