Mai Murya da Kujeru Ɗari Biyar

Akwai wani mai gabatar da shiri a wani gidan talabijin, kowa Mai Murya yake ce masa. Sunan ya biyo shi tun yana aikin rediyo, don in ya buɗe baki ya ce "masu kallonmu", sai ka rantse da kai kaɗai yake magana.

Shekara tara yana riƙe da shirin tattaunawa na ƙarfe bakwai na yammacin Laraba, lokacin da duk wani mai shiri a gidan yake haɗiyar yawu a kansa. A kawo baƙo, a tattauna kan zaman iyali, sannan a buɗe layin waya. Layin nan kuwa ba ya hutawa, wani na ajiyewa wani na shigowa. Shi ya sa Mai Murya yake tafiya a harabar gidan kamar shi ya gina ta.

A ƙarshen baranda, kusa da injin kwafi, akwai wani ɗan ofis da wata mata take zama. Aikinta lissafin masu kallo. Wani kamfani ne ya saka 'yan na'urori a jikin talabijin na wasu gidaje da aka zaɓa, suna rubuta tashar da ake kallo minti bayan minti. Duk Litinin rahoto ya zo, ita kuma ta zauna ta tsefe shi, ta faɗa wa Shugaban shirye-shirye wane shiri ne zai tashi a zango mai zuwa, wane ne zai kwanta. A gabanta Malama ake ce mata. A bayan idonta kuwa Bokanya, saboda da wuya ta faɗi abu ya kuskure.

Wata Litinin ta sami Mai Murya a ofishinsa da takarda a hannu.

"Yallaɓai, ina son ka ga wannan kafin ya je sama. Minti goma na farkon shirinka babu wanda ya kai shi masu kallo a gidan nan. Amma da ka buɗe layi ka fara gaisuwa, fiye da rabinsu suke canza tasha."

Ko kallon takardar bai yi ba. Ya tura gilashinsa saman hanci ya zuba mata ido.

"Malama, kin taɓa shiga ɗakin waya ranar Laraba? Layi huɗu, duk suna ci kamar wuta."

"Na shiga, Yallaɓai. Na karɓi lambobin wata shida na tantance. Mutum arba'in da 'yan kai ne suke ta juya kiran. Tela, Direban Tanka, Mai Kemis, Uwar 'Yan Biyu, ai ka san su. Ka gaishe da wannan, ka tambayi ƙafar wancan, ka aika saƙo ga surukar waccan. Minti ashirin ke nan. Wanda ba ya cikinku ji yake kamar ya faɗo hirar da ba tasa ba. In aka ci gaba haka, zango mai zuwa za a karɓe ƙarfe bakwai."

Kai! Maganar nan ta soke shi. Ya ce ya gode, ta ajiye takardar ta fita, shi kuma ya ɗora kofin shayinsa a kanta.

Daga ranar zuciyarsa ta fara saƙa. Ruwa dai ba ya tsami banza. Me ya sa yanzu? Wa zai ci riba in an ɗauke shi daga ƙarfe bakwai? Bai yi nisa da tunani ba ya tuna Dogo, wani matashi mai shirin lafiya na ranar Lahadi, wanda bai taɓa ɓoye cewa yana son lokacin ba.

Sai ya fara sa ido. Litinin ta zagayo, ya ga Dogo ya shiga ofishin Malama ya turo ƙofa. Ya duba agogo: minti ashirin da biyar. Litinin ta gaba ma haka, har ya ji dariyarsu. Mai Murya ya tsaya gaban injin kwafi yana kwafar takardar da ba ya buƙata, kunnensa na jikin bango, amma ƙarar injin ta hana shi jin komai. Ya koma ofis yana gyaɗa kai, yana cewa a ransa biri ya yi kama da mutum.

Jama'a, in zargi ya shiga zuciyar mutum, komai ya gani hujja ce. Malama ta gaishe shi da fara'a, ya ce dariyar mugunta ce. Ta wuce tana sauri ba ta gan shi ba, ya ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Har mai ɗaukar hoto da ya ce masa, "Yallaɓai, yau gaisuwar ta ɗan yi tsawo," sai da ya sa shi cikin jerin waɗanda aka saya.

A gida ma bai bar zancen ba. Yana cin abinci yana zayyana wa matarsa makircin da ake ƙulla masa. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce a hankali:

"Baban yara, kada ka ji haushi. Ni ma fa in ka fara gaisuwar nan, lokacin nake tashi in wanke kwanuka. Na san kafin ka gama da Direban Tanka na gama."

Ya ajiye cokali.

"Ke ma ta kira ki ke nan?"

"Wa?"

"Kin san wa nake nufi."

Ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! Matar da ko fuskarta ban sani ba?" Ya tashi ya bar mata abincin, wai shi an ci amanarsa har cikin gidansa.

Ranar taron shugabannin gidan, inda ake raba lokutan zango mai zuwa, Mai Murya ya nemi izinin magana. Ya miƙe a gaban kowa, ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, ni ban yarda da alƙaluman nan ba. Na'urorin da ake magana, wa ya taɓa ganinsu a cikinku? Takarda ce take zuwa, mutum ɗaya ke karanta ta, mutum ɗaya ke fassara ta. In mutumin nan yana da wanda yake so ya ɗora fa?"

Kowa ya san da wa yake. Malama ta sunkuyar da kai.

"Ga abin da nake so," in ji shi. "Zan ɗauki shiri na musamman a babban zauren taro mai kujeru ɗari biyar. Zan gayyaci masu kallona a kan allo, sati uku a jere. In zauren ya cika, a canza mai lissafin nan. In bai cika ko rabi ba, na sauka daga ƙarfe bakwai da ƙafata. Ita kuma ta rubuta hasashenta yanzu, a rufe a ambulan, kada gobe ta ce dama ta faɗa."

Shugaba ya yi ƙoƙarin tausar sa. "Mai Murya, zauna mu yi magana bayan taro. Akwai abin da ba ka sani ba."

Shi kuwa sai ya ji wannan ma wata rufa-rufa ce. Ya ce sam, a rubuta a takardar taro kowa ya shaida. Aka rubuta. Malama ta ɗauki 'yar takarda ta yi rubutu, aka liƙe ambulan, Shugaba ya jefa a aljihun tebur.

Kwana biyu bayan haka ta tare shi a wurin ajiye motoci.

"Yallaɓai, don girman Allah ka janye. Ko ka mayar da shi ƙaramin ɗakin ɗauka mai kujeru sittin. Mutanen da suke kallon minti gomanka na farko suna son maganarka, amma ba irin waɗanda za su bar aikinsu su zo zaure ba ne. Masu zuwa su ne masu kira."

Ya yi wata irin dariya. Daɗi ya kama shi, don a ganinsa tsoro ne ya fito da ita.

"Ashe boka ma yana jin tsoro? Ki fara tattara kayanki, Malama."

Ta tsaya tana kallonsa har ya ja mota. Wallahi ta ba ni tausayi.

Sati uku yana shela. Duk Laraba layi ya cika da alkawari: "Muna nan tafe, Mai Murya!" "Ko da rarrafe sai mun zo!" Shi kuma ya juya ya kalli kyamara yana murmushi, don ya san Malama tana gani.

Ranar Asabar, ƙarfe tara na safe, an jera kujeru ɗari biyar, an lulluɓe su da farin ƙyalle. Kyamara uku, fitilu, lasifika ta ko'ina. Mai Murya ya sha sabon ɗinki yana zagaye.

Ƙarfe goma mutane suka fara shigowa. Wani gajere ya rungume shi yana cewa, "Yau ga ni ga Mai Murya!" Tun kafin ya faɗi sunansa ya gane muryar: Tela ne. Wata ta shigo da yara biyu masu kama ɗaya. Wani ƙato ya ɗaga masa hannu daga bakin ƙofa yana ɗingishi, ga Direban Tanka da ƙafar da ake tambaya duk mako. Duk wanda ya buɗe baki, Mai Murya ya san shi. Babu baƙuwar murya ko ɗaya.

Sha ɗaya ta yi. Sha ɗaya da rabi. Ƙofa a buɗe, babu mai shigowa.

Ko a nan zargin bai sake shi ba. Ya ce lallai an sa masu gadi suna mayar da mutane. Ya fita da sauri har bakin titi, gumi na bin wuyan sabuwar rigarsa. Mai gadi na zaune yana sauraron rediyo, ƙofar a wangale. Motoci na wucewa, mutane na harkarsu, babu wanda ya ko waiwayi zauren. Ya daɗe a tsaye a wurin.

Da ya dawo, mai ɗaukar hoto ya matso ya rage murya. "Yallaɓai, na ƙirga, arba'in da uku ne har da yaran. Bari mu tattaro su layi uku na gaba, in matse hoton, kada bayan ya fito."

Haka aka yi. Mutanen nan arba'in da uku suka yi ta tafi da zuciya ɗaya, suna ƙaunarsa tsakani da Allah. Shi kuwa duk ɗaga kan da zai yi, fararen kujeru yake gani har ƙarshen bango. Muryar da ake yi masa kirari da ita sau biyu tana sarƙewa.

Ranar Litinin Shugaba ya kira shi, ya yage ambulan a gabansa ya miƙa masa. An rubuta: tsakanin talatin da biyar zuwa hamsin.

Sannan ya jawo wani fayil ya buɗe.

"Karanta wannan. Tun zangon da ya wuce shugabanni suka so karɓe ƙarfe bakwai. Wasiƙa uku Malama ta rubuta tana cewa a bar ka, don babu wanda zai iya kawo masu kallon da kake kawowa a farkon shiri, gaisuwar kawai za a rage. Sun yarda. Ranar taron nan da ka miƙe, takardar ƙarin zangonka tana gabana, hannu kawai ya rage in sa. Na ce ka zauna mu yi magana, ka ce a rubuta kowa ya shaida. To, an rubuta, kowa ya shaida, ba ni da yadda zan yi."

Mai Murya ya ɗago kai daga fayil ɗin. Da ƙyar ya ce, "To Dogo fa? Duk Litinin yana ofishinta, ƙofa a rufe."

"Dogo? Zuwa yake ya tambaye ta a wane minti masu kallo suka gudu daga shirinsa, ya je ya gyara. Ƙofar kuma saboda ƙarar injin kwafi yake rufewa. Ofishin a buɗe yake ga kowa, kai ne ba ka taɓa shiga ba."

Mai Murya ya fito. Ƙafarsa ta kai shi ƙarshen baranda. Ya tsaya a bakin ƙofar da ya sha laɓewa kusa da ita, ya yi sallama. Kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Malama, na zalunce ki a gaban mutane. Ki yafe mini. Amma me ya sa ba ki faɗa mini kin tsaya mini ba?"

Ta ɗago ta dube shi, idonta ya kawo ruwa.

"Na yafe, Yallaɓai. Wasiƙun sirrin ofis ne, ba ni da ikon faɗa. Abin da nake da iko a kai na kawo maka har tebur. Fuskata ka yi ta karantawa, takardar ko sau ɗaya ba ka duba ba."

Ya yi mata godiya ya fita. Laraba ta zagayo, ƙarfe bakwai ta buga, Dogo ne ya zauna a kujerar.

Darasi: Wanda ya kawo maka gaskiya mai ɗaci har inda kake, duba abin da ya kawo kafin ka fara binciken zuciyarsa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Tafin 'yan kaɗan da ke kusa da kai yana da daɗi, amma kada ya toshe maka kunne har ka mayar da mai tsaya maka abokin gaba, don zargi yana iya raba mutum da abin da maƙiyi ma bai iya ƙwace masa ba. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan aiki, wataƙila akwai wanda yau ɗin nan yake shirin jera nasa kujerun.